Kafin ka sayi na'urar kula da dabba a wannan bazarar, ji yadda tawa ta yaudare ni

Tun da zafi ya kama a bana, tambayar da ta fi zo mini ba ta waya ba ce. Masu kiwon mage, zomo, tantabara da kare ne ke son sanin wace kyamara ko wace na'urar auna zafi za su saya su riƙa lura da dabbobinsu daga wurin aiki. Wani ma hoton kwanon ruwa mai famfon lantarki ya turo mini, wai ya gani a TikTok, yana tambaya ko ya yi oda. Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi, musamman da yake daga bakin mai rubuta manhaja take fitowa. Nakan ce su riƙe kuɗinsu tukuna, su fara gyara inuwa da ruwa, su kuma nemi mutumin da zai riƙa leƙawa da rana. Ina da dalilin faɗin haka, kuma dalilin ya ci mini zomaye biyu.

A watan Afrilun 2024 abin ya faru, cikin azumi. Mai karatu zai iya tuna zafin wannan lokacin, domin a farkon watan ne garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyas, mu ma a Kano hukumar NiMet tana ta fitar da gargaɗi. Ina da zomaye biyar a keji a bayan ɗakina, jikin katanga, an rufa musu kwano. Da yake lokacin ina ɗokin koyon haɗa ƙananan na'urori, sai na ɗauki allon ESP8266, na jona masa ma'aunin zafi na DHT11, na rubuta kod ɗin da zai riƙa tura lamba zuwa wayata duk bayan minti biyar. Idan zafi ya wuce digiri 35, waya ta yi ƙara. Idan bai wuce ba, lambar ta fito da launin kore. Na gwada da wutar ashana ya yi aiki, na ɗauki bidiyo na sa a sitatus, abokai suka yi ta yabo.

Kafin wannan na'urar, ƙanena ne ke leƙa zomayen bayan azahar ya ƙara musu ruwa. Da na gama haɗa ta sai na ce masa ya huta, yana azumi, waya za ta gaya mini idan akwai matsala. Wannan maganar ce babban kuskurena, ta fi kuskuren kod ɗin muni.

Ranar da abin ya faru na fita aiki da safe. Sau uku ina duba waya, sau ukun ina ganin 32 da launin kore. Har na ji daɗi, na ce ashe bayan ɗakin nan yana da sanyi. Abin da ban sani ba shi ne an ɗauke wuta tun da hantsi. Allon a jikin cajar waya yake, rautar gidan ma a bango take, duka suka mutu lokaci guda. Manhajar da na rubuta kuwa lambar ƙarshe da ta samu take nunawa, ban sa ta nuna lokacin da lambar ta zo ba, ban kuma koya mata cewa shiru ma labari ne ba. Da na dawo bayan la'asar na tarar da biyu sun mutu, ɗaya daga ciki macen da ke da ciki. Sauran ukun suna kwance sun miƙe, baki a buɗe, kunnuwa kamar an sa a wuta. Kwanon ruwansu na roba ya ƙafe ƙaƙaf. Umma ta tsaya a kaina ta ce, "Kai da wayarka. Da ka bar yaron nan yana duba su, da ba a yi haka ba." Ban iya ce mata komai ba.

Wani zai ce ai laifin kod ɗinka ne, da na kamfani ka saya da ba haka ba. Akwai gaskiya a ciki, domin na'urori masu kyau sukan sanar da kai idan sun daina samun intanet. Amma ka dubi yadda aka tsara yawancinsu. An ƙera su ne don gidan da wuta ba ta yankewa, Wi-Fi yana nan dare da rana, kuma akwai na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki, ita na'urar aikinta kawai ta gaya maka idan wani abu ya lalace. A wurinmu lissafin a juye yake. Lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, taransifoma ta yi nauyi, wuta ta tafi. Wato a sa'ar da dabbarka ta fi buƙatar na'urar, a sa'ar ce na'urar ta fi yiwuwar mutuwa. Ita kanta na'urar ma tana jin zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Batirin litiyam ba a son a yi masa caji idan zafi ya wuce digiri 45. DHT11 ɗin da na yi amfani da shi iyakarsa digiri 50, kuma yana iya kuskuren digiri biyu sama ko ƙasa. Ka ɗauki irin waɗannan ka rataye a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, sannan ka ɗora ran dabba a kansu.

Ko da saƙon ya iso, me za ka yi? Kana Sabon Gari, gida yana Rijiyar Zaki, ga cunkoso. Zomo ko kare da zafi ya buge ba ya jiran awa guda. Gargaɗi ba shi da amfani sai idan akwai hannun da zai kai ruwa cikin minti biyar.

Akwai wata yaudarar da ta fi wannan yawa, domin kowa na ɗauke da ita a aljihu, ita ce manhajar yanayi ta waya. Idan ta ce Kano 41, ba zafin kejinka take faɗa ba. Ma'aikatan yanayi suna auna zafin iska ne a inuwa, cikin farin akwati mai shan iska, a tsayin kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, galibi a fili irin na tashar jirgin sama. Dabbarka kuwa a ƙasa take kwance, kan daɓen siminti ko intalok da ya sha rana tun safe, kanta kuma kwanon da zafinsa kan wuce digiri 60 da tsakar rana, yana turo zafi ƙasa kamar tanda. Katangar bulo da rana ta daka tun azahar takan ci gaba da fitar da zafi har bayan isha'i. Shi ya sa na'ura ɗaya tilo da nake cewa kowa ya saya ita ce ƙaramin ma'aunin zafi mai batir, wanda ke nuna zafi da danshin iska, ya kuma riƙe lamba mafi girma da aka kai a yini. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar wuta. Ka ajiye shi daidai inda dabbar ke kwanciya, ba a bango sama ba, ka bar shi kwana uku, ka riƙa duba lambar da yamma. Yawancin mutane daga ranar farko suke ɗauke kejin.

Dalilin da ya sa lambar ke da muhimmanci shi ne jikin waɗannan dabbobi ba irin namu ba ne. Mu zufa muke yi a duk jiki, iska ta busar da ita, mu ji sanyi. Kare da mage zufarsu kaɗan ce, a tafin ƙafa take. Kare da haki yake fitar da zafi, mage kuma ta lashe jikinta ta nemi wuri mai sanyi ta kwanta. Tsuntsaye ba su da zufa sam, shi ya sa za ka ga tantabara ta buɗe baki, maƙogwaro na rawa, ta saki fukafukai. Zomo ya fi kowa rauni a cikinsu. Ta kunnuwa yake rage zafi, kuma da zarar wuri ya haura digiri 30 ya fara shiga wahala. A daji rami yake shiga da rana, mu kuma mun ɗauke shi mun sa a akwatin waya a sama. Zafin jikin lafiyayyen kare ko mage yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai. Idan ya kai 41 an shiga haɗari, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna iya lalacewa. Ka ga ke nan tazarar ba ta da yawa.

Wannan ne ya sa fanka kaɗai ba ta yi musu abin da take yi mana. Idan iskar ɗaki ta fi jikin dabba zafi, kuma jikin a bushe yake, fanka iska mai zafi kawai take watsa mata. Sai an haɗa da ruwa take aiki. A nan ne nake ganin mun raina abin da muke da shi. Randar ƙasa da ke tsakar gidan kakanninmu na'urar sanyaya ruwa ce cikakkiya: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi. A kan wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya hana tumatir ruɓewa yana iya hana zomo mutuwa. Kasko na ƙasa ya fi kwanon roba ko na silba riƙe sanyin ruwa, kuma yana da nauyi, dabba ba ta kifar da shi da sauƙi. Tsohon bargo ko buhu da aka jiƙa aka rataye a gefen kejin da iska ke shigowa yana sauke zafin ciki sosai a watan Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe.

Sai dai a lura, wannan dabarar tana raguwa idan damina ta gabato. A ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa ba a yi ruwa ba, iska takan cika da danshi, jiƙaƙƙen bargo ba ya bushewa da sauri, hakin kare ma ba ya fitar da zafi yadda ya kamata. Lambar zafi tana iya sauka kaɗan amma dabbar ta fi shan wuya. Shi ya sa na ce a sayi ma'aunin da ke nuna danshi.

Bayan mutuwar zomayen, wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana kiwon tantabara ya zo ya duba wurin. Bai ko kalli allon nawa ba. Ya ɗora hannu a kan kwanon ya janye da sauri, ya ce, "Yaro, kai za ka iya wuni a nan?" Shi ya sa na mayar da kejin ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, na ɗaga rufin, na shimfiɗa zana a samansa da tazarar kamar taƙi ɗaya don iska ta ratsa tsakani. Ya kuma nuna mini yadda yake yi wa tantabarunsa: faranti mai faɗi na wanka da hantsi, ruwan sha mai zurfin da za su nutsa baki, domin tantabara zuƙar ruwa take yi, ba ta ɗaga kai kamar kaza, sannan ba ya tashinsu shawagi da tsakar rana. Duk abin da ya gaya mini babu wanda ke buƙatar caji.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ruwa a wuri biyu ko uku, don idan ɗaya ya ƙare ko ya zube. Kare yana shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 30 yana buƙatar kusan lita biyu ko da babu zafi, a bazara kuwa fiye da haka. Mage ba ta cika son ruwan da ke kusa da abincinta ba, a raba musu wuri, a kuma bar mata ƙofar ɗakin da ke da tayil. Idan ana samun ƙanƙara, gorar ruwa da ta daskare a naɗe ta da tsumma a ajiye wa zomo ya jingina. Abinci mai nauyi a bari sai da sassafe ko bayan magariba. Kare da aka ɗaure da sarƙa a tuna cewa inuwa tafiya take yi, inda yake da inuwa da ƙarfe tara rana ce tsagwaronta da ƙarfe biyu.

Masu karnuka su ƙara da wannan. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta shiga, wanda aka wallafa a 2020, ya gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya buge a Birtaniya motsa jiki ne ya jawo musu, ba barin su a mota ba. A Birtaniya ke nan, inda digiri 30 labari ne. Don haka fita da kare yawo ko horo da rana a nan ganganci ne, a bari sai bayan asuba ko dare. Kafin ka taka da shi kan kwalta, ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai. Idan ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ƙonewa zai yi. Mota kuwa cikin minti goma zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10, sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Idan abin ya riga ya faru, alamominsa ba sa ɓuya: haki mai tsanani, dalala, dasashi ya yi ja sosai, tangaɗi, amai, ko faɗuwa. Mage da ke haki da baki buɗe kamar kare tana cikin matsala, ba al'adarta ba ce. A fara sanyaya dabbar kafin a ɗauke ta zuwa wurin likita. A kai ta inuwa, a zuba wa kare ruwa mai sanyi a jiki har ya ratsa gashi, a yi masa fifita ko a kunna fanka, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin tawul ɗin riƙe zafi yake yi. Zomo ba a tsoma shi cikin ruwa, kunnuwansa ake shafa wa ruwa a kwantar da shi kan wuri mai sanyi. Kada a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta ruwa a baki. Kuma don Allah kada a ba da farasitamol. Wannan ba zazzaɓi ba ne, maganin ba zai sauke shi ba, ga mage kuwa guba ne, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ko dabbar ta farfaɗo a kai ta wurin likitan dabbobi, domin illar cikin jiki takan bayyana daga baya.

Akwai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma zan faɗa. Wani ɓangare na matsalar tun daga saye yake farawa. Ana ganin husky ko kwakeshiyan a Instagram, ko magen Fasha mai gashi buzu-buzu da gajeren hanci, sai a yi oda a kawo Kano ko Katsina. Husky asalinsa Siberiya ne, kwakeshiyan kuma daga tsaunukan Kokasus. Dabbobi masu gajeren hanci numfashinsu ma da kyar yake, su ne zafi ya fi saurin kayarwa. Aske su ƙwal ba mafita ba ce, gashin yana kare fata daga rana, taje mataccen gashin ƙasa ake yi. Idan ba ka da wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki daga Maris zuwa Yuni, ba ka da wurin ajiye irin wannan dabbar. Yankinmu yana da nasa. Karen Azawak na Nijar da Mali, siriri mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, a cikin wannan zafin aka halicce shi, Turawa ma nemansa suke yi. Magen gida da muke rainawa ta san inda za ta kwanta da azahar ba tare da an nuna mata ba. Kuma duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare ba ci ba sha. Dabbar da ka kulle ba ta da zaɓin neman inuwa da kanta, kai ne ka karɓe mata zaɓin.

Ban ce a jefar da fasaha ba, ni da ita nake ci. Akwai inda take da amfani na gaske, kuma mafi kyawunta ita ce wadda ba ta jiran wutar gari. Ƙaramin faifan sola da aka jona kai tsaye da fankar DC mai bolt 12, ba batir ba inbata, yana da wata kyakkyawar ɗabi'a: lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da fankar ta fi gudu. Ka sa ta tana hura iska ta cikin jiƙaƙƙen bargo, ka ɓoye wayoyin domin zomo yana gaigayar duk abin da ya samu. Wannan ta fi kyamara mai tsada amfani nesa ba kusa ba, domin kyamara nuna maka matsalar kawai take yi.

Ga 'yan uwana masu haɗa na'ura da kansu kuma, ga abin da na canja. Na bar DHT11 na koma DHT22, wanda ke kaiwa digiri 80 kuma kuskurensa kusan rabin digiri ne. Allon yanzu yana kan batirinsa, a inuwa, kuma da layin waya yake tura tes ta SIM800L, ba ya bi ta rautar gida. Kowace lamba tana zuwa da lokacin da aka auna ta, idan ta wuce minti goma sai ta koma launin toka. Mafi muhimmanci, sabar da ke karɓar saƙon ita ke ƙirga lokaci. Idan minti goma sha biyar suka wuce ba ta ji daga allon ba, ƙara take yi kamar an kai digiri 45. Layi kaɗan ne na kod, da na rubuta su tun farko da ban tsaya ina kallon 32 ina murna ba. Saƙon kuma ba wayata kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa wayar Umma, domin ita ce a gida.

Ƙanena ya koma aikinsa na leƙawa bayan azahar, yanzu da 'yar ladarsa a ƙarshen wata. Ya jiƙa bargon, ya taɓa ruwan kaskon da yatsa, ya duba kunnuwansu, sannan ya turo mini tes. Makon jiya allon ya yi shiru da rana, ashe katin layin ne ya ƙare, wayoyi biyu suka yi ta ƙara. Kafin in kira gida ya riga ya turo cewa duk suna lafiya, bakwai ne yanzu, suna kwance jikin kasko.